Wasiƙa zuwa ga Edita: ɗan batir ɗin makullin mota ya kusa raba ni da ɗana

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'arka.

Na daɗe ina karanta jaridar nan amma ban taɓa zama na rubuto muku ba sai yau, kuma abinda ya sa ni rubutun wani abu ne da ya faru a gidana wata uku da suka wuce, wanda har yanzu in na tuna sai in ji gabana ya faɗi. Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na ga in na yi shiru ban kyauta ba, domin irin jahilcin da nake da shi a ranar nan na san iyaye da yawa suna da shi.

Rimot ɗin makullin motata ne ya daina aiki, sai na sayo sabon batir, irin ƴan ƙananan nan masu faɗi da ƙyalli kamar tsabar kuɗi, wanda aka rubuta CR2032 a bayansa. Na buɗe rimot na cire tsohon na ajiye a kan tebur na sa sabo, sai aka kira ni a waya na fita ƙofar gida, da na dawo ban ga tsohon ba, na duba ƙarƙashin kujera sama-sama nace ai mataccen batir ne in an zo shara za a gani. Wallahi tunanin da na yi kenan. Ɗana ɗan shekara biyu da wata huɗu yana wasa a wajen, ko a raina ban kawo komai ba.

Can bayan kamar awa ɗaya yaro ya fara rigima, an ba shi abinci ya ƙi, aka ba shi ruwa ya kurɓa ya dawo da shi, sai yawu kawai yake dalala yana jiƙa masa riga, yana ta sa hannu a wuya yana nuna ƙirjinsa. Babu zazzaɓi, babu tari, numfashi lafiya lau. Mamansa tace ko ciwon maƙogwaro ne, ni kuma nace ƙila haƙori ne. Muna cikin haka yayarsa ƴar shekara shida ta zo tace min, Abba ai na ga ya sa kuɗin nan mai ƙyalli a baki. Toh ko a lokacin ma ban firgita yadda ya kamata ba, saboda maƙwabcina da ya shigo jin kukan yace haba, nasa yaron ma ya taɓa haɗiye tsabar kuɗi kuma bayan kwana biyu ta fito a kashi, a bar shi ya yi barci kawai. Mutumin kirki ne kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, na kusa yarda. Matata ce ta ɗauki mayafi ta saɓa yaro tace ita dai ba za ta kwana da shi a haka ba, ko in kai su ko ta tafi ita kaɗai. Allah ya saka mata da alheri.

Da muka isa asibiti na yi wa nas bayani, tambaya ɗaya ta yi min, kuɗi ne ko batir? Ina cewa batir na ga fuskarta ta canza, ta bar rubutun da take yi ta shiga ciki da sauri, ba mu bi layi ba. Aka yi masa hoton ƙirji, likita ya ɗaga hoton ya nuna min wani farin abu zagayayye a daidai ƙasan wuya, yace duba da kyau Alhaji, ka ga zobe biyu ne, wani a cikin wani, tsabar kuɗi ba ta nuna haka, wannan batir ne kuma ya maƙale a hanyar abinci bai sauka ciki ba, yanzu za mu shiga da shi. Nace likita ai mataccen batir ne fa. Yace wanda ya kasa buɗe maka mota bai mutu ba, sauran wutar da ke jikinsa ta isa ta ƙona naman yaro.

An sa masa maganin barci aka zura bututu mai fitila da kyamara ta baki, da wani ɗan hantsaki siriri a ciki, da shi aka kamo batir ɗin aka jawo, ba a yanka ko ina ba. Aikin kansa bai daɗe ba amma ni zaman da na yi a bakin ƙofar ɗakin tiyatan nan ji na yi kamar shekara. Da suka fito likita ya miƙo min batir ɗin a cikin wata ƴar kwalba, abin da na ajiye a tebur yana ƙyalli ya dawo baƙi ƙirin, gefe ɗaya kamar an ciro shi daga toka. Daga lokacin da ya haɗiye zuwa cirewa bai fi awa biyar ba, amma har ya ƙona masa bangon hanyar abinci. Kwana goma muka yi, kwanakin farko ta wani siririn tiyo da aka zura ta hanci ake ba shi abinci, yaro yana ganin kofi yana miƙa hannu yana kuka kai kuma an ce kar ka ba shi. Wannan kam ba zan so ko maƙiyina ya gani ba.

A daren da nake jinya ne na zauna na yi ta karatu a waya ina kuma damun likitoci da tambaya in sun zo zagaye, a nan na gane yadda abin yake. Ni da na ɗauka sai batir ya fashe ruwan cikinsa ya zubo sannan yake illa, ashe ba sai ya fashe ba. In ya zauna a wuri mai danshi kamar maƙogwaro, yawu ne ke haɗa masa wuta tsakanin fuskokinsa biyu, wutar nan mai ƙarfin bolt 3 sai ta riƙa mayar da ruwan wajen ya zama sinadari mai cin nama irin sodar nan da ake yin sabulu da ita. Cikin awa 2 kacal zai iya yin mummunar ƙuna. Faɗinsa milimita 20 ne, daidai girman da zai wuce bakin ƙaramin yaro amma ya kasa wuce hanyar abincinsa. Kuma hanyar abinci tana manne da hanyar iska ta gaba, ga babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya a kusa da ita, in ƙunar ta huda ta kai ga jijiyar nan yaro na iya aman jini ya tafi nan take, wani lokaci ma kwanaki ko makonni bayan an cire batir ɗin, shi ya sa ko da aka sallame mu sai da aka ja mana kunne cewa ko ɗigon jini muka gani a amai ko kashi ya yi baƙi mu dawo da gudu.

Akwai wani abu da na so a ce na sani tun a gida. Likitoci a Amurka sun yi bincike suka gano zuma tana rage saurin ƙunar kafin a kai asibiti, cibiyar kula da guba ta birnin Washinton ta sa shi cikin ƙa'idojinta: cokalin shayi biyu, wato mililita 10, duk minti 10, har zuwa sau 6, in dai yaron ya cika shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma bai wuce awa 12 da haɗiye batir ɗin ba. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma. Kuma don Allah a fahimce ni, zumar ba ta fitar da batir, ba ta warkarwa, a hanya ake bayarwa ana tafiya, in babu ita a kusa kar a tsaya nema. Kar kuma a sa wa yaro yatsa wai ya yi amai.

Gaskiyar maƙwabcina ita ce yawancin abinda yara ke haɗiya da kansa yake fita, likitoci na cewa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari haka ne, kaɗan ne ke buƙatar bututun nan, wanda ke kaiwa ga a buɗe ciki bai wuce ɗaya cikin ɗari ba. To amma wannan lissafin ne yake yaudarar mu, kowa ya san wani yaro da ya haɗiye abu ya fito lafiya, sai a ɗauka duk ɗaya ne. Batir daban, abu mai tsini kamar allura ko fil daban, haka maganaɗisu. Shi maganaɗisu in guda ɗaya ne sau da yawa yana wucewa, amma in biyu ne ko fiye, ko ɗaya da wani ƙarfe, sai su jawo juna daga lungun hanji daban-daban su matse naman da ke tsakani har ya mutu ya huje, yaro kuma a waje kamar ciwon ciki ne kawai yake yi.

A ɗakin da muka kwanta na ga abinda ya ƙara buɗe min ido, wato ɓarnar da mu manya muke yi da hannunmu wajen taimako. Gadon da ke kusa da namu wata yarinya ce ƴar shekara huɗu, ɗan dutsen ado ta tura a kunne. Babarta ta faɗa min da bakinta tana hawaye cewa da farko ana hango shi a bakin kunnen, sai ta ɗauko tsinken ashana, ya matsa ciki, aka kawo tsinken auduga ya ƙara matsawa, wani kuma ya zo da fil ɗin gashi, yarinya na fizge-fizge an danne ta, sai jini. Abin da likita zai cire cikin minti biyu yarinya na zaune a cinyar uwarta ya koma sai an sa mata maganin barci, ga dodon kunne ya fashe. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro da ya zo duba ta yace mana karon farko shi ne mafi sauƙi, da zarar an taɓa an ji wa yaro zafi ba zai sake tsayawa ba kuma ramin ya kumbura. Yace in ƙwaro ne ya shiga yana motsi, a ɗiga mai mai tsabta ya mutu a huta da azabar sannan a zo a cire, in dai an san kunnen ba ya da huji ko ciwo. Amma in ƙwayar iri ce kar a zuba ruwa domin kumbura za ta yi ta toshe, in kuma batir ne kar a ɗiga komai sam, danshi shi ne abincinsa, a hanci ma cikin sa'o'i yake huda bangon tsakiya. Ya kuma ce duk yaron da majina mai wari ke fitowa ta ƙofar hanci ɗaya kawai, an sha magani an sha ba ta daina ba, a duba da kyau akwai abu a ciki, soso ne ko takarda ko wani ɗan roba.

Sai wanda ya fi ban tsoro, abin da ya bi hanyar iska. Akwai wani yaro a wancan ɓangaren da aka yi sati biyar ana masa maganin asma da na ciwon huhu, ashe ɗan murfin biro ne ya faɗa masa huhu. Da aka matsa da tambaya sai uwar ta tuna ranar da ya ƙware yana wasa ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, sannan ya lafa, kowa yace shikenan ya wuce. Wannan lafawar ita ce tarkon. Roba da itace da ƙayar kifi sau da yawa ba sa fitowa a hoton eksire, saboda haka labarin da iyaye za su bayar shi ne rabin aikin likita, in ka ɓoye ko ka manta ka wahalar da shi. Ni shawarata a faɗi gaskiya ko da kai ne ka yi sakaci, ni ma sai da na faɗa da bakina cewa ni na ajiye batir ɗin, ba wanda ya zage ni, aikinsu kawai suka yi.

In kuma shaƙewa ce ta nan take, mutum ya kasa magana ya kasa tari ya fara canza kala, wannan ba ta jiran asibiti. A sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar, in bai fito ba a zagaya ta baya a dunƙule hannu a saman cibiya a danna ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa, danna cikin nan ita ce dabarar da likita Henry Heimlich ya fito da ita a 1974. Jariri ɗan ƙasa da shekara ba a danna masa ciki, a kifa shi a hannu kai ƙasa a buga baya sau biyar, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar. In yana iya tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarinsa. Zura yatsa a lalubo abin da ba a gani shi ne ke tura shi can ƙasa.

Abin da ya ba ni mamaki a karatun da na yi, wannan aikin na ciro abu ba tare da yanka ba ya haura shekara ɗari. A 1897 wani likita Bajamushe, Gustav Killian, ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe ya ciro ɗan ƙashi daga hanyar huhun wani manomi, shekara biyu kacal bayan Rontgen ya gano hoton eksire a 1895. A Amurka kuma akwai Chevalier Jackson wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan aikin, duk abinda ya ciro daga maƙogwaro ko huhun mutane sai ya adana, yau akwai guda 2,374 a gidan tarihi na Mütter da ke Filadelfiya, fil-fil da maɓallai da ƙusoshi da tsabar kuɗi da ƴan kayan wasa, jere a cikin durowa. Bututu mai lanƙwasa na duba huhu kuma wani likitan Japan, Shigeto Ikeda, ya kawo shi a 1966. Abin da ya fi burge ni da Jackson bai tsaya ga cirewa kawai ba, da ya ga yara na ta zuwa masa da ƙonannen maƙogwaro saboda shan soda mai ƙuna sai ya yi ta faɗi-tashi har aka yi doka a 1927 cewa dole a rubuta gargaɗin guba a jikin kayan. Ina karanta wannan ina kallon ɗana da tiyo a hanci, ƙuna iri ɗaya ce, hanyar da ta zo ce kawai ta canza.

Ga manya ma maganar ɗaya ce, ko da ban ga wannan da idona ba, na tambaya. In ƙarfe ko gilashi ko wuƙa ta shige jikin mutum ta tsaya, kar a zare, sau da yawa ita ce ta toshe jijiyar da ta yanka, kana zarewa jini zai ɓalle. A tallafe ta da tsumma mai tsabta ta gefe-gefe kar ta yi motsi a tafi da shi a haka. Mai walda ko mai goge ƙarfe in ɓurɓushi ya faɗa masa ido kar ya murza, ya wanke da ruwa mai tsabta, in bai fita ba ya rufe ya tafi, ƙarfe na yin tsatsa a ido cikin ƴan sa'o'i. Ƙusa ko sartse mai zurfi kuma a tuna da allurar tetanus. Hatta harsashi ba kullum likitoci ke bin sa su ciro ba, in yana wurin da ba ya cutarwa sukan bar shi, saboda tonon ya fi zamansa haɗari. Shugaban Amurka James Garfield an harbe shi ranar 2 ga Yuli 1881, bai mutu ba sai 19 ga Satumba, a tsakanin nan likitocinsa sun yi ta zura yatsu da ƙarafa marasa wanki a raunin suna neman harsashin, har Alexander Graham Bell mai wayar tarho ya zo da na'urar gano ƙarfe, ba su same shi ba, ruɓewar ciwo ta gama da shi. Shugaban ƙasa kenan fa da manyan likitocin zamaninsa, toh ina ga mu da tsinken ashana da fitilar waya.

Ni dai Edita abin da ke ci min rai shi ne batir ɗin nan yana ko ina, rimot, agogo, sikelin awo, abin gwada zafin jiki, takalman yara masu walƙiya, kayan wasa masu kiɗa, kuma da yawa murfinsu da farce ake buɗewa. Wasu ƙasashe sun farga, Ostireliya ta tilasta ƙa'idar murfi mai wuyar buɗewa da gargaɗi a 2022, Amurka ma a shekarar ta yi dokar da ake kira dokar Reese, sunan wata ƴar jaririya da irin wannan batir ya yi ajalinta. Kamfanin Duracell har wani abu mai ɗaci yake shafa wa wasu nasa don yaro ya tofar. Amma kayan da ake ƙerawa barkatai ana sayarwa a duniya ba duka ke bin wannan ba, kuma doka ba za ta shigo falona ta ɗauke batir daga kan tebur ba, ni ne zan ɗauke. Da muka dawo gida sai da na bi ɗaki-ɗaki, na samu abu bakwai masu irin batir ɗin, uku murfinsu babu ko noti, na naɗe su da salatif, takalmin walƙiya ɗaya kuma na raba shi da gidan gaba ɗaya.

Roƙona gare ku shi ne ku samo likitan yara ko na kunne da hanci da maƙogwaro ku ba shi shafi guda ya yi wannan bayanin da kyau, ya gyara min in na yi kuskure a wani wuri domin ni ba likita bane, uba ne kawai da ya kwana goma a kujerar roba. Ku sa hoton batir ɗin a girmansa na gaskiya kusa da tsabar kuɗi, mutane su ga yadda suke kama, a kuma sa hoton eksire mai zobe biyun nan.

Yaron Alhamdulillahi yana samun sauƙi, ya koma wasansa, sai dai har yanzu abu mai tauri yana tsaya masa ya yi ta yunƙuri, likita yace tabon ƙunar ne ya ɗan matse hanyar, ranar Litinin mai zuwa za mu koma a sake zura bututun a duba ko sai an buɗa ta. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Naku,
Wani uba mai karanta ku kullum